Suna Linzami: Ciwon Sukari da Kalmomin da Muke Jinyarsa da Su

Hutun daminar bara a gida na yi shi, a wani ƙauye cikin karkarar Dogon Kiriya, arewa da Dogon Dutsi. Na tarar da kawuna ya rame har riga tana yawo a jikinsa. Wata takwas ke nan da aka gwada jininsa a asibiti aka ce yana da ciwon sukari, kuma tun daga ranar bai sake kai ƙwayar sukari bakinsa ba. Shayin da ya shekara talatin yana sha da abokansa a gindin bedi ya bari, alewar da yake saya wa jikoki ko taɓa ta ba ya yi. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya yaba masa ƙoƙari. Amma da hantsi na ga an ajiye masa ƙwaryar fura cike fal, ya ɗaga kai ya shanye. Bayan azahar aka sake dama wata. Da dare tuwon hatsi malmala uku. A rana ta uku na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, anya wannan fura ba ta yi yawa ba?" Ya dube ni kamar wanda karatu ya taɓa wa kai, ya ce, "Ɗana, sukari anka hana ni. Mi ya kawo sukari cikin hura? Hatsin gonata ne da nono."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Ba zan iya cewa kawu bai fahimci abin da aka faɗa masa ba, domin ya fahimce shi sarai, ya kuma yi aiki da shi fiye da yadda mutane da yawa za su iya. An ce masa ciwonsa na sukari ne, ya bar sukari. In akwai kuskure, a cikin kalmomin da aka ba shi yake. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, mu ɗaliban kimiyyar harshe da malamanmu, ko da yake babu wanda ya taɓa riƙe sirinji a cikinmu. Ra'ayina shi ne, a yankin Arewa, kuma ina jin a ƙasar Hausa baki ɗaya, wani kaso na wahalar masu wannan ciwo daga harshe yake tasowa: sunan ciwon yana jan mutane zuwa inda bai kamata ba, kalmomin da ya kamata su kewaye shi su gyara masa zama kuma ba mu tanade su ba.

Sunan ba mu muka ƙaga shi ba. Kalmar sukari daga Larabci ta shigo mana, kuma Larabawa ma da sukari suke kiran ciwon. Kafin su, likitocin Indiya na dā suna kiransa da abin da ke nufin fitsarin zuma, saboda sun lura tururuwa na taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari. Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wadda muke ji a bakin ma'aikatan lafiya a matsayin diyabeti, asalinta Girkanci ce, tana nufin abin da ruwa ke ratsawa ya wuce, wato yawan fitsari suka duba. A ƙarni na 17 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya jaddada zaƙin fitsarin, aka riƙa haɗa wa sunan kalmar Latin mai nufin zuma. Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan sunaye alamar ciwon suke bayyanawa, wato abin da ke fita daga jiki. Ba su ce komai game da abin da ke shiga ba. To amma ginin Hausa na "ciwon kaza" yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Ciwon kai ciwo ne da ke cikin kai, ciwon sanyi kuwa a kunnen mai sauraro ciwo ne da sanyi ya jawo. Da aka ce ciwon sukari, kunnen Bahaushe ya ajiye shi a rukuni na biyu: ciwon da shan sukari ya kawo, wanda barin sukari zai kore. Hausawa sun ce suna linzami, kuma wannan linzamin ya juya akalar mutane da yawa.

Abin da ke faruwa a jiki daban ne. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, burodi da taliya duk cike suke da sitaci, kuma aikin ciki da hanji shi ne su narkar da sitacin nan ya koma wani nau'in sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Ba ya buƙatar zaƙi a baki kafin ya zama sukari a jini. Daga jinin kuma sai ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi, amma ba ya shiga sai da wani sinadari, insulin, wanda wata tsoka da ke kwance bayan tumbi take fitarwa. Ko sunan wannan tsoka ma bai zauna mana ba. Na sha jin masu fassara suna cewa saifa, alhali duk mahauci ya san saifa wata aba ce dabam. Idan insulin ya ƙare ƙaf, kamar yadda yake faruwa a nau'i na 1 wanda ya fi kama yara da matasa, ko kuma ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, kamar a nau'i na 2 wanda ya fi yawa kuma ya fi kama manya, sai sukarin ya taru a jini. Ƙoda ta yi ta zubar da shi ta fitsari, ƙishirwa ta hana mutum sakat, ya yi ta ci yana ramewa. A hankali ido, ƙoda, jijiyoyi da ƙafafu su fara biyan bashin.

Kada a ɗauka ina cewa hatsi abokin gaba ne. Wanda ya ce wa Ba'are ya bar hatsi ya ce masa ya bar ci ke nan, kuma ba gaskiya ya faɗa masa ba. Wani bincike da aka yi a Bamako, aka wallafa a 2018, ya nuna tuwon gero da na dawa da dambun gero sun fi shinkafa da dankalin turawa da taliya daɗewa a ciki kafin su wuce zuwa hanji. Abin da ya daɗe a ciki kuwa a hankali yake sakin sukarinsa. Wake, wanda muke nomawa sosai a jihar Dosso har muna sayar wa maƙwabta, ya fi su duka sassauci. Zogale, kuka, kuɓewa, yakuwa, tafasa da gyaɗa suna rage gudun da sukari ke yi zuwa jini idan suka raka tuwo. Saboda haka abin da ya kamata kawu ya ji shi ne nawa zai ci, da wane lokaci, da me zai haɗa, da kuma cewa abin da aka surfe aka niƙe lilis aka dama ruwa-ruwa ya fi saurin hawa jini a kan wanda ake taunawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sunan ciwon ya gaya masa.

A birane kuma an sami wani juyin. Tun da an ji cewa tuwo ma yana da laifi, sai aka keɓe wasu abinci aka sa musu suna abincin masu sukari: garin alkama, acca, wani lokaci har da burodin da aka ce ba a sa masa sukari ba. Mutum ya bar hatsin da ke rumbunsa ya tafi sayen alkama da tsada, ya cika kwano, yana ganin magani yake ci. Alkama sitaci ce kamar sauran. Haka zuma da dabino da rake da mangwaro: tun da ba a kiran su sukari, sai su tsallake shingen.

Akwai wani tunani da harshe ya haifar wanda ya fi wannan zurfi. Kishiyar zaƙi a Hausa ɗaci ne. In ciwo na zaƙi ne, ai maganinsa ɗaci. Shi ya sa a kasuwannin ƙauye za ka ji mai magani da lasifika yana tallar jiƙon maɗaci da ganyen bedi da shuwaka, yana cewa suna wanke sukari daga jini. Hujjar tana shiga kunne saboda tsarin kishiyantar kalmomi ne ya gina ta, ba gwajin jini ba. Ba na raina ilimin itatuwa na iyayenmu, kuma metformin kansa, ƙwayar da aka fi bai wa masu nau'i na 2 a duniya, asalin bincikensa daga wani tsiro ya faro. Amma babu ɗacin da zai maye gurbin insulin a jikin yaron da tsokarsa ta daina fitar da shi. Yaron da aka ɗauke wa allura aka koma ba shi jiƙo, cikin kwanaki kaɗan zai iya suma ya mutu.

Inda sunan ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaya gefen, wato lokacin da sukari ya faɗi. A ƙauyen namu akwai wata yarinya ƴar shekara 13 da ke kan allurar insulin safe da yamma. Mahaifiyarta ta ba ni labarin wata safiya a tsakiyar noman farko. An yi wa yarinyar allura, kunu bai nuna ba, aka ce ta kai wa mahaifinta ruwa gona ta dawo ta karya. Kafin ta iso gida ta fara rawar jiki, zufa ta keto mata, tana magana ba kai ba gindi, ba ta gane masu kiran sunanta ba. Wanda ya san Arewa ya san fassarar da za a fara yi wa irin wannan. Nan take aka ce iskoki ne, wata ta tafi neman turare. Wani malamin makaranta da ke wucewa ya tsaya ya tambaya, da ya ji tana kan allura sai ya ce a dama sukari a ruwa a ba ta tun tana iya haɗiya. Uwar ta ce mini, "Wallahi malam, na riƙe hannunshi. Na ce sukarin da shi ne ciwonta za ka ɗura mata?" Da ƙyar ta saki. Bayan kamar minti goma sha biyar yarinyar ta farfaɗo ta nemi abinci.

Wannan uwa ba sakarci ta yi ba. Wata da watanni ana nanata mata cewa sukari guba ne ga ƴarta, babu wanda ya ba ta kalma ɗaya da za ta riƙe ranar da sukarin zai zama shi ne ceto. Muna da hawan jini, kowa ya san shi. Muna cewa sukari ya hau. Amma faɗuwarsa ba ta da suna tsayayye a bakin mutane, abin da ba shi da suna kuma da wuya a gane shi in ya zo. Ga likita lamarin a fili yake: in awon ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, a ba mutum kimanin giram 15 na sukari, wato ƙwaya uku ko babban cokali ɗaya, a jira minti 15, a sake dubawa, sannan ya ci abinci mai riƙe ciki. In kuwa ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai a garzaya da shi asibiti. Haɗarin bai tsaya ga masu allura ba, wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid su ma suna kayar da sukari. Manomin da ya sha ƙwaya ko ya yi allura ya ɗauki hauya ya tafi gona ciki babu komai, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, shi ya fi kowa kusa da wannan rami. Haka mai azumin da bai zauna da likita an gyara masa awo da lokaci ba.

Kalmar magani ma tana da nata nauyin. A Hausa magani abu ne da ake sha ciwo ya tafi. Ana shan magani, a samu sauƙi, a warke, a ajiye kwalba. Allura kuwa a tunaninmu ita ce babban makami, ana yin ta kwana uku ko biyar a gama. To sai ga ciwon da ba ya tafiya, da allurar da ba ta da ranar ƙarewa. Mutum ya yi wata biyu yana allura, ƙishirwa ta ragu, jiki ya dawo, masu gaisuwa su ce "an samu lafiya", shi ma ya yarda, ya daina. In aka ce wa wani za a mayar da shi kan insulin, sai gida ya ɗauki jimami, a ce ciwo ya kai ga allura, kamar an yanke masa likkafani. Tarihin abin kuwa akasin haka ne. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da nau'i na 1 ba ya daɗewa, abin da likitoci ke iya yi masa bai wuce su takaita masa abinci har ya zama ƙashi da fata ba. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya rayu shekara 13 bayan haka. Insulin ciko ne na abin da jiki ya rasa. Ya fi kama da abinci, wanda ba a cewa an ci jiya don haka yau an huta. Da a ce tun farko da kalmar ciko aka gabatar da shi, ina jin da masu ajiye sirinji sun ragu.

Sai kuma lambobi, inda zamanmu a bakin iyaka ya ƙara dagula lissafi. Mutumin Dogon Dutsi ko Tibiri zai iya gwada jininsa yau a Dosso, wata mai zuwa harkar kasuwa ta kai shi Sakkwato ko Birnin Kabi ya sake gwadawa. A Nijar da giram a lita ake rubuta sakamako, a Nijeriya kuma yawanci da milimol a lita ko miligiram a desilita. Iyakar da ake cewa mutum ya kamu, in an gwada shi kafin ya ci komai da safe, ita ce 1,26 a ma'aunin farko, 7 a na biyu, 126 a na uku. Abu ɗaya ne da sunaye uku. A ɗauka takardar Sakkwato ta ce 9, ta Dosso ta ce 1,62. Mai takardun zai yi hamdala ya ce sukarinsa ya sauka daga tara zuwa ɗaya da ɗoriya, alhali ko gezau bai yi ba. Mu da muka karanta cewa alama ba ta da ma'ana sai cikin tsarin da take, ga misalin da ya fi na littafi.

Sirinji ma haka. Akwai insulin mai awo 40 a mililita, akwai mai awo 100, kowane da sirinjinsa. In aka ja mai 100 da sirinjin mai 40 har zuwa zanen da aka rubuta 20, abin da ya shiga jiki awo 50 ne, ninki biyu da rabi na abin da likita ya ce. Wanda ya sayi kwalba a wuri ɗaya, sirinji a wani wuri, ba zai san wannan ba sai an faɗa masa da harshen da yake ji. Ni har wani abu nakan tuna in na ji ana fassara lambobi tsakanin Faransanci da Hausa a ƙasarmu: mun saba da lissafin dala, inda ɗari ta Bafaranshe ke zama ashirin a bakinmu. Kan da ya saba raba lamba gida biyar duk lokacin da ya sauya harshe, ya kamata a tabbatar bai yi haka a kan sirinji ba. Ban ce ya taɓa faruwa ba, amma mai koyarwa ya sa majinyaci ya nuna zanen da yatsa, kada a tsaya ga faɗa da baki.

Ba kullum Hausa ke da gibi ba, wani lokaci mu ne ba mu duba rumbunmu ba. Umarnin da ake bai wa mai zuwa gwaji, cewa ya zo bai ci komai ba, na ji ana fassara shi da "ka zo da azumi". Mai azumi kuwa yana sahur. Ga shi muna da kalma da ta dace tsaf: kada ka karya kumallo. Haka "ka ci kaɗan", wadda ita ce shawarar da aka fi maimaitawa kuma ta fi kowace rashin amfani. Kaɗan ɗin manomin da ya yi kunya ɗari kafin azahar ba shi ne kaɗan ɗin ma'aikacin ofis ba. Gidajenmu cike suke da ma'auni: ludayi, ƙoƙo, ƙwarya, malmala, dunƙulen fura, tiya. Da an ce ludayi kaza da hantsi, malmala ɗaya da miya mai yawa da dare, da uwargida ta san abin da za ta zuba, domin ita ce mai ludayin, ko da yake sau da yawa ba ita ake kira ɗakin likita ba. Kalmar rejim da muka aro daga Faransanci kuwa a kunnen mutane jerin hani ce kawai, ba ta ɗauke da ma'anar tsari. Kuma duk wanda zai tsara wa Bahaushe ci dole ya tuna a kwano ɗaya ake sa hannu, ga kunyar mayar da abin da aka kawo wa baƙo. Majinyaci yana buƙatar jimlar da zai faɗa a gidan suna ko gidan biki ya rage ci ba tare da an ce ya raina mutane ba. Samar da irin wannan jimla aikin masu nazarin yadda ake sarrafa harshe cikin al'umma ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma wanda zai faɗa yana da gaskiya babba. Za a ce matsalar kuɗi ce: kuɗin insulin, kuɗin tsinken gwaji, kuɗin mota daga ƙauye zuwa inda ake samun su, ga rashin wutar da za a kunna firji. Za a ce gyaran kalma ba ya sayen kwalba ɗaya. Haka ne. Banting da abokan aikinsa sun sayar wa jami'arsu haƙƙin insulin a kan dala ɗaya kowanensu don kada ya gagari talaka, yau shekara ɗari da ɗoriya yana gagararsa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke ɗauke da shi a yankinta na Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Babu ƙamus da zai warware wannan. Amma kawuna ya biya kuɗin gwaji, ya biya kuɗin mota, ya sayi ƙwaya, sannan ƙwaryar fura ta cinye amfanin duka. Inda kuɗi suka yi ƙaranci, nan ne asarar da rashin fahimta ke jawowa ta fi ciwo.

Ko maganar firjin ma akwai labarin da bai iso ƙauye ba saboda ba a faɗe shi da Hausa ba. Ƙa'ida ita ce a ajiye insulin da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8. Amma wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da jami'ar Janiba, aka wallafa a 2021, ya gwada insulin a irin zafin da aka auna a sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, ya tarar kwalbar da ake amfani da ita ba ta rasa ƙarfinta cikin mako huɗu ba. Bazararmu takan wuce haka, shi ya sa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, take da muhimmanci. Kowane gida a Arewa yana da randa da inuwa. Iyalin da aka ce musu insulin sai da firji za su iya yanke ƙauna tun kafin su fara.

Wani linzamin kuma shi ne laƙabin ciwon masu kuɗi. Tun da sukari da lemon kwalba kayan masu hali ne, sai a ɗauka talakan ƙauye ya tsira. Saurayi siriri ya yi ta fitsari yana ramewa, a yi ta neman sammu ko tarin fuka, babu mai tunanin gwada jini. A watan Afrilun 2025 ƙungiyar nan ta duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na 5, wanda ke da alaƙa da rashin isasshen abinci tun ƙuruciya, yana kama matasa marasa jiki a ƙasashe matalauta. Ga yankin da ya sha fari da yunwa sau da dama, wannan ba labarin nesa ba ne.

Ba na kira a sauya sunan ciwon. Sunan da ya shiga bakin mata a bakin rijiya babu kwamitin da zai fitar da shi, kuma duk mun ga kalmomin da aka ƙera a ɗakin taro suka mutu a cikin takarda. Abin da nake nema shi ne a gina masa maƙwabta: kalmar faɗuwar sukari, kalmar sukarin da ke ɓoye cikin abinci marar zaƙi, kalmar maganin da ba a dainawa, kalmar zanen sirinji. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ni dai zan auna wannan matsayi da abin da ke faruwa a ɗakin gwaji, inda ma'aikacin lafiya da aka horar da Faransanci, wataƙila ma Bazabarme ne da ya koyi Hausa a wurin aiki, yake da minti biyar ya bayyana wa tsohuwa abin da za ta yi har ƙarshen rayuwarta. Ba laifinsa ba ne in kalma ta ƙare masa. Sashenmu yana fitar da kundaye kowace shekara a kan karin harshen Arewanci, a kan yadda fa ke komawa hwa, aka ke komawa anka. Aiki ne mai kyau. Amma ban ga abin da zai hana ɗalibi ɗaya ya nemi izini ya zauna mako shida a ƙaramin asibiti, da yardar majinyata, ya rubuta abin da aka faɗa musu, sannan ya bi su waje ya tambaye su abin da suka ji ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce kundin.

Kuma kalmomin ba lallai mu ƙera su ba, wasu suna nan ana amfani da su, jiran mai ji suke yi. Mahaifiyar yarinyar nan, bayan abin da ya faru, ta sa wa lamarin suna da kanta. In ta ga ƴarta ta fara zufa da rawar hannu sai ta ce yunwar allura ta taso. Na tsaya ina kallon wannan suna. Ya faɗi sanadi, ya faɗi magani, ya kore iskoki, duk cikin kalma biyu, kuma babu mai jin an ce yunwa ya riƙe hannun mai kawo abinci. Yanzu ƙwayar sukari uku ƙulle take a gefen zanen yarinyar duk inda za ta, ƙannenta ma sun san ba tasu ba ce.

Kawu kuwa mun daidaita da shi a kan ludayi, bayan na raka shi wurin ma'aikacin lafiya muka zauna mu uku, da inna ta huɗu. Furar hantsi ta koma rabi, ta azahar ta ba wa dafaffen wake da zogale wuri, ya kuma dawo gindin bedi wurin abokansa, ana zuba masa nasa shayin kafin a sa sukari. Yana ƙorafi har yanzu cewa an mayar da shi yaro ana auna masa abinci. Na rubuta yunwar allura a littafina, a ƙarƙashinta na bar layi uku babu komai. Waɗanda za su tafi hutu Matankari, Bagaji, Tibiri ko Kore Mai Ruwa, in kun ji yadda masu allura ke kiran zanen nan na jikin sirinji, ku kawo wa wannan mujalla, domin ni a Dogon Kiriya na ji layi, na ji tsaga, na ji lamba, kuma mutum ukun da suka faɗa mini ba abu ɗaya suke nunawa da yatsa ba.